Tallan Daddawar Kakata

Na taɓa shinshinar talabijin. A shagon cajin waya na Sheme ne, ana kallon ƙwallo aka tafi hutun rabin lokaci, aka sako tallan dunƙulen miya. Tukunya ta cika fuskar akwatin, tururi na tashi, ban san lokacin da na miƙa hanci ba. Ƙura kawai na shaƙo. Har yau in na shiga shagon sai wani ya ce, "A matsa wa mai hanci."

Ba yunwa ce kaɗai ta ja ni ba. A makon nan ne kakata ta ce ta daina daddawa. Tun kafin a haifi babana take dafa kalwa a Tafoki, amma yanzu amare sai dunƙule, wai shi suke gani a talabijin.

"In wannan kalwar ta ƙare, tukunyar ta koma ta jiƙa wa awaki dusa," in ji ta.

"Haba matata, mijinki na raye za ki ajiye sana'a?" na tsokane ta.

"Mijin da ko gishiri bai taɓa sayowa ba? Tashi ka ba ni wuri."

Sai na koma shagon na tasa tallan nan a gaba kamar mai shirin jarrabawa. Kowa na jiran a dawo ƙwallo, ni ina addu'ar a yanke ta. A hankali na fara gane dabarar. Dunƙulen kansa ba ya daɗewa, kafin ka ƙifta ido ya wuce. Kyamara ce ke matsowa bakin tukunya har kamar za ta faɗa ciki. Ludayi na tashi da tafiyar hawainiya, miyar na zuba kamar mai jin kunyar surukai. Tururin kuwa yana fitowa fari tas ne saboda haske daga bayansa yake, bangon kuma duhu ne. Babban abin shi ne ƙamshi ba ya shiga kyamara, shi ya sa suke ba fuska aikin hanci. Maigida ya kurɓa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

To, ƙamshi dai muna da shi. In kakata ta buɗe kwandon daddawa a Tafoki, karnukan Mabai sai sun yi atishawa. Fuska kawai nake nema.

Na ari wayar yayana bayan na yi rantsuwar da ta kusa ƙarar min da numfashi. Na zaɓi hantsi, lokacin da rana ke leƙowa ta ƙaramar tagar madafi. Bangon kuwa hayaƙi ya riga ya yi mana baƙin fenti kyauta. Maigidan tallan shi ne kawuna, mutumin da rabonsa da murmushi tun ranar da saniyarsa ta haihu. Ya yarda ne don an ce akwai miyar kuka da man shanu.

"Kawu, in ka kurɓa ka lumshe ido, ka gyaɗa kai."

"Ai ba yau na fara shan miya ba."

Tururi nake so, don haka ban bari ta huce ba. Daga kan wuta sai kwano, daga kwano sai bakin kawu. Ido kam ya lumshe, har da hawaye.

"Kai, ɗan banzan yaro! Garwashi ka ba ni?"

Amma bai ajiye kwanon ba. Ya hura, ya sake kurɓa, yana zagina yana lasar leɓe. Sai muryar kakata daga baya, ba a ma ganinta: "Ƙyale shi, ɗan nan. Da dunƙule ne da tuni ya ajiye."

Raina ya ɓaci, don a talabijin ba a zagin mai ɗaukar hoto. Na roƙi yayana ya yanke wurin. Ya kalla, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce ko daƙiƙa ba zai taɓa ba. Ya tura wa matarsa, ita kuma ta tura wa ƙawayenta. Kafin ranar kasuwa, yara na bin kawu suna tambayarsa ko bakin ya warke.

Ba wanda ya yaba tururina, duk wahalar da na sha a kansa. Kakata ma da ta gani cewa ta yi na nuna wa duniya baƙin bangonta. Layin masu saye kuma bai kai bakin titi ba kamar yadda na yi mata alkawari. Amare kaɗan ne suka fara aiko yara, sai wata mai abinci a bakin hanyar Sheme da ta ce a riƙa kai mata duk mako. Da ɗorawa ta nuna bana, kakata ta aike ni sayen kalwa. Tukunyar tana kan murhu, awaki kuma a tsohuwar roba suke cin dusarsu.