Larai Mai Ɓata Suna da Zancen Zawo

Kullum da safe, kafin a buɗe ƙaramin asibitin unguwarmu a Barkin Sale, Sista Larai Sheshi ta riga ta tafasa ruwa, ta wanke kwalabe, ta duba ƙananan alluran jarirai da take ajiyewa daban. Da yamma kuma ta yafa gyale ta nufi gidan suna, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba.

Mata na hango ta sai ka ji, "Ga Larai nan, a ɓoye sukari!" Ana tsakiyar cin tuwo za ta fito da kwalba da cokali, ta sa kowace mace ta haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunta.

"Haba Sista, abinci fa muke ci!"

"Ci abinki, yaya. Ranar da zawo zai zo, shi ma ba sallama zai yi ba."

Ni ba mai yabo ba ne. A garin nan sai mutum ya mutu ake gano kirkinsa, rabin abin da ake faɗa kuma ƙarya. Amma daminar da amai da gudawa ya shigo mana, na gani da idona. Gadaje suka ƙare, yara kwance a baranda, Larai a durƙushe tana neman jijiya a hannun da bai kai kaurin yatsa ba. Ciwon ya ɗauke matata Rabi'atu. Ina dawowa daga maƙabarta na tarar da 'yarmu Sakinatu idanu sun faɗa, hanyar asibiti kuwa ruwa ya shafe ta. Rekiya mai nono, maƙwabciyarmu, ta karɓe ta, ta yi ta ɗura mata ruwan gishiri da sukarin nan cokali-cokali. Na ce, "Ina kika koya?" Ta ce, "A wurin Larai, ranar sunan yarinyar nan, Malam."

Larai, ke ce kika isa gidana a ranar nan ba tare da kin taka shi ba. Watan jiya kin ajiye aiki, ma'aikata ta sallame ki da agogon bango. Madalla, sai ki riƙa duba lokacin da suka manta ki.

Na gode, Larai. Allah ya saka miki.

Ku kuma matan Minna, hadari ya fara haɗuwa, gwiwoyin Larai sun gaji. Akwai suna gidan Ladan ranar Asabar. Don Allah wata a cikinku ta ɗauki kwalbar. Sakinatu, wadda yanzu ta girma, ta ce sukarin daga gidanmu zai fito.