Kan Gwaggo a Zanen Ƙanwata

Ƙanwata ce ta kawo min zanen har gidana a Gaya, a naɗe cikin tsohon zanin gado. Tana ajin ƙarshe a sashen zane-zane na jami'a, ni kuwa koyarwa nake a firamare, ban san komai a kan fenti ba. Ta jingina shi da bangon falo ta yaye zanin.

"Yaya, ki faɗa min gaskiya, ya yi ko bai yi ba? Malamaina sun yaba, amma su ba su san ɗakin ba."

Ɗakin Innarmu na Toranke ta zana, kafin a rushe shi a yi na bulo. Mu uku ne a ciki. Inna, Allah ya jiƙanta, tana kan tabarma tana tsintar wake a faifai. Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana bakin gadon ƙarfe tana yi min kitso, na kifa fuska a gwiwarta. Haske ya shigo ta ƙofa, ya bi jeren kwanuka, ya sauka a kan furfurar Gwaggo, don ɗankwalinta ya zame zuwa kafaɗa. Dariya take yi har ana ganin giɓinta.

Na ce hannun Inna ya yi girma. Ƙanwata ta ce da gangan ta yi. Na sake dubawa, na ga lallai haka nake tuna hannun.

Ranar ban iya zama ba. In ɗora tukunya in dawo falo, in koma in tarar wuta ta mutu. Zanen ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya dame ni. Za a rataye shi a wurin baje koli, maza su tsaya suna kallo, alhali Gwaggo ko zaure ba ta leƙawa ba mayafi.

Na ce, "Ba zan ce komai ba sai Gwaggo ta gani."

Ranta bai so ba, amma washegari muka ɗauki shatar adaidaita zuwa Toranke. Duk ramin da muka faɗa sai ta ƙanƙame zanen ta harare ni.

Mun tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa. Ta goge hannu, ta matso da fuska har kusa da fentin. Ta daɗe a kan Inna, leɓenta yana motsi. Sannan ta koma kan nata hoton.

"Yanzu haka nake?"

"Haka kike, Gwaggo."

"To, madalla da hannunki. Amma ki rufe min kai."

Ƙanwata ta durƙusa tana bayani, wai furfurar ce ke riƙe da hasken ɗakin duka, in aka rufe ta zanen ya mutu. Gwaggo ta saurare ta har ƙarshe.

"Na ji, 'yar nan. Kan dai nawa ne."

A hanyar dawowa ƙanwata sai share hawaye take da gefen hijabi. A falona ta zauna ta shafa shuɗin ɗankwali a kan furfurar. Da ta gama, ɗakin da ke cikin zanen ya ɗan yi duhu, na kuma faɗa mata hakan. Ta ce ta sani. Haka ta tafi da shi, ta kuma ci jarrabawarta, sai dai mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da babbar sallah muka hallara a Toranke. Bayan an ci nama, maza sun fita, matan maƙwabta sun cika tsakar gida, sai Gwaggo ta yafito ƙanwata.

"Kina da na farkon a wayarki? Wanda ba ɗankwali?"

Ta ce tana da shi. Gwaggo ta sa aka saki labulen zaure, ta karɓi wayar, ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu.