Kan da Ke Ƙarƙashin Faifai

Ban taɓa mantawa da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Talata ba, lokacin da ƙidayata ta fara saɓa wa ta kwamfuta. Ina ɗaliba a lokacin, ina koyon aiki na wata shida a wani ƙaramin kamfani a Azare. Kwamitin wata kasuwa ya ba mu aikin ƙirga masu shiga ta ƙofofinta, domin za a toshe wadda aka fi ƙarancin bi.

Kowace ƙofa akwai kyamara a samanta tana kallon ƙasa, kwamfuta na ƙirga kawuna. Nawa aikin shi ne in ɗauki bidiyon awa ɗaya, in ƙirga da ido, a gwada.

A wata ƙaramar ƙofa, mata bakwai suka shige a jere, adadin kwamfuta bai motsa ba. Sau uku ina mayar da bidiyon. Masu tallar nono ne daga rugagen hanyar Jama'are, kowace da ƙwarya a ka, an rufe da faifai. Daga sama faifai ake gani, ba kai ba.

Rahoton da ake shiryawa ya riga ya nuna ƙaramar ƙofar nan za a toshe. In an yi haka, sai sun zagaya ta babbar ƙofa, inda manyan motoci ke sauke kaya, da nono a ka.

Washegari na samu shugaban sashenmu, Injiniya Bala.

"Yallaɓai, wace ƙidaya zan sa a rahoto, tawa ko ta kwamfuta?"

"Iko sai Allah, yau Malama Shiru ta yi magana! Da fensirinki za ki yi wa kwamfuta gyara? Bari in dawo daga taro."

Bai neme ni ba. Ran Alhamis, ana gobe za a miƙa rahoton, na tsaya bakin ofishinsa rungume da takarduna har ya gaji da ganina, ya ce in shigo. Na kunna masa bidiyon. Tun ranar na san aikin nan sai da ido, idon kuma sai na wanda ya san mutanen.

"Tsaya. Mayar baya," in ji shi.

Ya matso, ya gyara tabarau.

"Ta ukun nan Inna Jebu ce. Ko a ina na san tafiyarta, tun ina firamare take kai nono gidanmu."

Ya ɗauki fensirina da na ajiye a kan teburinsa, ya miƙo mini.

"Sa taki ƙidayar. Ni zan yi wa kwamiti bayani."