Ranar da Baba Ya Raka Bature Cikin Saura

Kakata Falmata, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa faɗin sunan mahaifina ba, ba ta kuma taɓa yi masa faɗa ido da ido ba, saboda shi ne ɗanta na fari. In tana da magana da shi sai ta gaya wa akuya, ko ta gaya mana mu jikoki da ƙarfi yadda zai jiyo daga turakarsa. Kowa a gidanmu na gefen Toranke ya san wannan dabara, har shi Baban. In ka ji Iya na zagin akuya a kan rashin gyara rumbu, to washegari za ka ga Baba a kan rumbu.

Bayan girbi, in sanyi ya fara shigowa, mukan taru a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha. Ta hura wutar kara, ta zube mana gyaɗa a tabarma mu yi ta ɓarewa, ita kuma ta biya mu da tatsuniya. Ba ta san rarrashi ba. Wanda ya fara gyangyaɗi sai ya ji kwasfar gyaɗa a goshi. Ni takan kira ni "maigidana marar gona", ta ce da ta san rago za ta aura da ta yi zamanta a Barno. Hausarta ba ta taɓa rabuwa da Barbarci ba, kuma in ranta ya ɓaci da Barbarcin take zagi don kada mu koya. Mun koya sarai.

Muna da wata saura a gabas da gari. A can iyayen kakana suka fara sauka da suka taso daga Barno, kafin rijiyarsu ta ƙafe su matso kusa da mutane. Kufan yana nan da kukokinsa, kuma a gindinsu kabarin kakana yake, mijin Iya, tare da na iyayensa. Yadda muke noman wajen shi ne a noma gefe guda har ƙasa ta fara gajiya, sai a bar ta ta huta, sabara da kargo su rufe ta, a koma ɗaya gefen. In ta murmure a dawo a yi sassabe. A shekarar da nake magana, babban gefen ne ke hutawa, wanda ya ci kufan. Baƙo in ya gani zai ce daji ne, amma ko yaron da ke kiwon awaki a Toranke ya san ta gidanmu ce.

Lokacin Turawa ne ke mulki. Wata rana ɗan aiken dagaci ya zo ya ce wani Bature mai awon ƙasa ya sauka a Gaya, zai zagaya dazukan wajenmu, ana son wanda ya san daji ya yi masa jagora, kuma Baba aka zaɓa. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Mutum ne da ya yi suna wajen rakiya, yakan raka baƙo har sai baƙon ya roƙe shi da Allah ya koma. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya ce a dama fura da sassafe.

Daren nan muka zauna muna jiran tatsuniyar kura. Iya ta ƙara kara a wuta, ta juya fuskarta wajen zanan da ya raba mu da turakar Baba, ta ɗaga murya.

"Yau babu tatsuniya. Abin da zan faɗa ya faru, kuma mai kunne ya ji, ko yana nan ko yana bayan zana."

Ta ce tana yarinya akwai wani wan mahaifinta, Baba Modu, tsoho mai tabon ƙarfe a ƙafa. An kama shi yana saurayi a wani yaƙi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka zuba shi a jirgin ruwa aka haye da shi wata ƙasa inda Turawa ke sa bayi noman rake. Sai da ya yi furfura ya sami kansa, ya dawo ta Ikko, ya tako har gida. A gonar raken akwai wata tsohuwa da ke dafa wa bayi rogo. Ita ba baƙa ba ce, ba kuma Baturiya ba, ja ce mai sulɓin gashi. Wata rana Baba Modu ya tambaye ta daga wace ƙasa aka kawo ta. Ta buga ƙafa a ƙasa ta ce ba a kawo ta ba, nan ne gidansu.

"Kun ji?" in ji Iya. "Shi an ɗauke shi daga ƙasarsa, ita an ɗauke ƙasar daga ƙarƙashinta. Ku gaya mini wanda ya fi wani."

Tsohuwar ta ba shi labarin da ta ji daga kakanninta. Wata safiya suka ga manyan jirage a bakin ruwa, wasu fararen mutane suka sauko, yunwa ta cinye su, bakinsu duk gyambo. Mutanen ƙasar suka ji tausayi. Suka kawo musu rogo da masara da kifi, suka koya musu yadda ake jiƙa rogo a cire masa dafi, don da an bar su da sun ci sun mutu. Baƙin suka ba su gatura da madubai. A garin akwai wani mutum da ya fi kowa sanin daji, kuma ya fi kowa son a ce ya kyauta. Shi ya shige musu gaba. Ya nuna musu inda kogi ke tsallakuwa, da inda ruwan sha yake, da hanyar kowane ƙauye. Mutanen nan su ma noman hutu suke yi kamar mu. Da baƙin suka ga gonakin da ke hutawa, sai suka ce ƙasar da ba shuka a kanta ba ta da mai ita. Suka kafa wani itace mai siffar gicciye, suka yi surutu da harshensu, shi ke nan wai ƙasa ta zama ta sarkinsu da ke can ƙetare, wanda bai taɓa taka ta ba.

Daga nan agana ta shiga, cutar da mutanen ba su taɓa sani ba, ta share ƙauyuka. Waɗanda suka rage aka bi su ta hanyoyin nan da aka nuna, aka kamo su aka sa su sare dajinsu da hannunsu. Da suka ƙare aka fara kawo irin su Baba Modu. Inda kakannin tsohuwar ke kwance, rake aka shuka a kai.

Na tambaya, "Iya, shi jagoran fa? Sun ba shi sarauta?"

"Sun ba shi kaya ya ɗauka, maigidana. Ya ɗauka har ya faɗi, suka tsallake shi suka wuce. Allah ya isa tsakaninsu da matar nan. Mutanen da za ka ba su ci su tashi su auna gidanka, Allah ya tsine wa irin wannan baƙunta."

Sai muka ji gyaran murya daga bayan zana.

"Iya, na ji," in ji Baba. "Amma baƙon dagaci ne. In na ƙi, wani za a sa. Kuma wa bai san saurar nan tamu ce ba?"

Iya ba ta dubi zanan ba, ni ta duba. "Ka gaya wa mai gidan nan, duk Toranke an sani, amma wanda zai zo ba ɗan Toranke ba ne. In ya zama dole ya je, ya ɗauki gatari da asuba ya sassabe ko gefe ne, ya tara ya ƙone, a ga hannun mutum a wajen. Kuma ya bi da Baturen ta yamma."

"Ƙasar ba ta gama hutawa ba, Iya. In na taɓa ta bana na cuce ta. Kuma ba zan ɓatar da baƙo a hanya ba."

Iya ta yi wata magana da Barbarci wadda ba zan rubuta ba, ta watsa kwasfa a wuta, ta ce mu tashi mu ba ta wuri.

Baba ya tafi da rigarsa da ƙwaryar fura. Da ya dawo da yamma bakinsa har kunne. Ya nuna wa Baturen burtali, da inda ruwa ke kwanciya da damina, da manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. A inuwar kukokinmu suka huta. Ya gaya wa tafintan Baturen nan gonarmu ce tana hutawa, ga kuma kabarin ubansa, tafinta ya faɗa, Baturen ya gyaɗa kai ya yi murmushi, har ya ba shi hannu da za su rabu. Baba ya yi kwanaki yana ba da labarin hannun nan a ƙofar masallaci.

Kafin ruwan farko sai ga leburori da turakun siminti. Suka bi sawun da Baba ya bi, suna kafawa. Aka yi shela cewa daga turakun zuwa gabas ya zama gandun daji na hukuma, ba noma, ba sara, ba kiwo. Gefen da muke nomawa ya tsira a waje, babban gefen da kufan suka faɗa ciki. Baba ya je wajen dagaci, dagaci ya tura shi Gaya. Amsar da ya dawo da ita ita ce Bature bai ga ko kututturen dawa ɗaya a wajen ba, daji ya gani, kuma ai shi ma Baban yana tsaye aka yi awon. Gefen da ya rage mana muka yi ta nomawa ba hutu har ƙasar ta koma yashi. Daga shekarar nan rumbunmu bai ƙara kai mu sabuwar dawa ba.

Iya ba ta yarda da turakun ba. Da kuka ta yi sabon ganye ta ɗauki kwandonta ta tsallaka, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Malamin daji, wani yaro da bai kai Baba ba, ya tare ta, ya karɓe kwandon ya zazzage ganyen a ƙasa. An ce ta tsaya a gabansa ta zage shi, ta zagi wanda ya ɗinka masa kaki, ta zagi jirgin da ya kawo wanda ya ɗinka masa kakin. Amma da ta iso gida ba ta ce wa kowa uffan ba, ko akuya. Baba yana zaune a tsakar gida ya ga ta shigo hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Da ma ta yi zagi da ya fi masa sauƙi.

Ta daɗe tana gaya mana cewa in ta mutu a kai ta kusa da mijinta. Ranar da ta rasu, da hantsi, Baba ya ruga wajen malamin daji, shi kuma ya ce ba shi da ikon barin a haƙa ko rami a gandu, sai an tambayo na sama da shi. Gawa ba ta jiran a tambayo. Kafin azahar muka kai ta maƙabartar gari, cikin mutanen da ta yi shekaru tana ce musu baƙi ne a wurinta.

Da na girma na shiga makaranta a Kano, na tarar da labarin nan a darasin tarihi. An koya mana sunayen matuƙan jiragen, aka ce jarumai ne da suka gano sabuwar duniya, aka kuma sa muka haddace. Ba wanda ya ambaci masu rogo. Na zauna a aji cike da haushi, ina tunanin yadda za a ce an gano gidan da mutane ke ciki suna girki. Iya, tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, ta riga ta ba ni labarin daidai, daga bakin wanda ya ga abin da ya rage.

Ina yaro na ɗora wa Baba laifi, na daɗe ina ɗora masa. Yanzu da na haura shekarunsa na gane bai yi komai ba sai abin da aka tarbiyyantar da shi a kai. An koya masa a girmama baƙo, a faɗa masa gaskiya, a bar ƙasa ta huta, kuma duka ukun aka juya aka yanke shi da su. Ban yafe wa wanda ya yi masa murmushin nan ba, ba na kuma jin zan yafe. Har yau in na ji ana yabon Turawa da iya tsari da cika alkawari a kasuwar Ajingi, tashi nake in bar wajen kafin in faɗi abin da zai ɓata zumunci.

Abin da ya fi yi mini ciwo ma ba gonar ba ce. Baba ya rayu shekaru da yawa bayan Iya, bai kuma ƙara raka kowa ba. Baƙo zai ci ya sha, in ya tashi tafiya Baba ya yi masa sallama daga zaune, har mutane suka fara cewa girman kai ya kama shi. Wata rana ina tare da shi a zaure wani matafiyi ya tsaya, bawan Allah da jakinsa, ya tambayi hanyar da ta ratsa daji zuwa Balan. Baba, wanda ya san kowace bishiya a hanyar nan da sunanta, ya dubi mutumin ya ce, "Malam, ka tambaya a gaba. Ni ban san daji ba."