Ashanar Idwal

Ranar Talata, tara ga Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ranka, Idwal Prydderch. Ƙurar dutsen da ka yi shekara ashirin kana mana gargaɗi a kanta, ita ta zama ajalinka. Washegari 'yata Nesta ta haifa mini jika mace. Da farin ciki ya cika ni, na ɗauki hula zan zo in yi maka albishir, sai da na kai ƙofa na tuna.

Ina da shekara arba'in da bakwai ka ja ni ajin manya na yamma da kake koyarwa, a ɗakin bayan coci. A lokacin duk wanda ke fasa dutse a mahaƙarmu ya yarda madara na wanke ƙirji. Kullum da an tashi aiki sai mu shanye kwalba guda, mu ajiye takunkumin hanci a aljihu. Wata rana ka sayo huhun tunkiya a wurin mahauci, ka soka masa bututu ka hura, ya kumbura a gabanmu kamar mai rai. Ka nuna mana hanyar abinci daban, ta iska daban, da yadda ta iskar ke rabuwa kamar rassan itace har ta ƙare a ƙananan jakunkuna inda jini ke karɓar rabonsa.

Gwilym, abokin aikinmu, ya ce, "Malam, to ina madarar take bi?"

Ka ce, "Tumbinka, sarkin ci! Ƙurar kuwa tana can ƙasa ta yi gida, ba mai tashinta."

Muka yi dariya, kai ba ka yi ba. Kai ma shekara goma ka yi kana shan madarar kafin ka sani.

Kai ka koya mana gwajin ashana. A kunna ta, a riƙe ta taƙi guda daga fuska, a buɗe baki sosai a hura. Duk ranar da ta ƙi mutuwa, a tafi asibiti. Mu goma sha ɗaya ne a ajin nan, har da kai. Kai ka raka bakwai wurin likita, kai ka zauna da matansu bayan an rufe su. Yanzu saura ni da Gwilym da Emrys, shi ma Emrys da tukunyar iska yake kwana.

Jiya na ɗauki jikata. Ƙirjinta na hawa da sauka ba sauti, ba wahala. Da na koma gida na kunna ashana, Idwal. Sau uku ina hurawa, wutar ta karkata kawai ta miƙe. Ban gaya wa Nesta ba. Ranar Litinin zan je asibiti, amma babu mai raka ni.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya hutar da ƙirjin da ya sha wuya. Ya ba uwargidanka Mair da 'ya'yanka haƙuri. Ni kuma ina roƙon ya ara mini numfashi, ko da na kai yarinyar nan makaranta ranar farko ne.