Ɗiyar da Ba Ta Ji

A Gatawa, in aka ce Kalilu mai rijiya ba a ƙara bayani. Ya gaji haƙa daga ubansa, ya gaji murya kuma, irin wadda in ya yi kiran guga daga zurfin gaba goma sha biyu har kaji sai sun watse. Mutumin kirki ne, sai dai haƙurinsa bai kai tsawon igiyarsa ba.

Shekarun fari, lokacin da gero ya bushe a tsaye kuma rijiyoyi suka ƙafe har Burkusuma, shi kaɗai ne aiki ya yi wa yawa. A cikin wannan hali ƙyanda ta kama 'yarsa Bilki, tana shekara biyar. Ta tashi, amma kunnenta ya yi ta zubar ruwa. Wa ke ta kunne ana neman abin sawa a baki?

Daga nan yarinyar da a da bakinta ba ya hutawa ta soma in'ina. Kalilu ya dawo a gajiye ya ce ta kawo buta, sai ta kawo tabarma. Ya kira sau uku ba ta waiwaya ba. In ya daka tsawa ta zo tana "Ba-ba-ba...", kalmar Baban ta ƙi fita. Shi kuwa ya yanke hukunci, kunnen ƙashi ne. Maganin kunnen ƙashi ai sananne ne, sai ya kama kunnen ya murɗe. Shekara biyu ana haka.

Tari ne ya sa ya kai ta ɗakin shan magani a Sabon Birni. Malamin asibitin ya ce ta buɗe baki, ta yi tsaye ƙiƙam. Kunya ta kama Kalilu.

"Yi haƙuri Malam, wagga ɗiya ba ta ji."

Rashin jin magana yake nufi. Malamin kuwa ya ɗauki zancen yadda ya fito. Ya zaga bayanta ya kira sunanta a hankali, shiru. Ya haska kunnuwan ya daɗe yana dubawa.

"Gaskiyakka, ba ta ji. Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Magana guntu-guntu taka iske ta, kamar kana ƙasan rijiya ana yi maka raɗa daga bisa. Ban ce kunnen kaɗai ya kawo in'inar ba, amma tsawa ƙara ta takai." Sai ya shafa bayan kunnen hagun, inda fata ta yi kanta. "Wa ka jan wanga kunne?"

Kalilu ya goyo ta har Gatawa, ita da ke da ƙafafunta, yana jin kamar ƙasa ta rufta da shi.

Tun ranar bai sake ɗaga murya a gida ba. Bilki ta girma, ta yi aure a Isa, harshenta ya sake. Takan yi ciniki a kasuwa, ta yi wa 'ya'yanta faɗa tiryan-tiryan ba gargada. Kalilu ya sha laɓewa a zauren gidanta don ya ji wannan muryar, daɗi da baƙin ciki suna cinsa lokaci guda.

Sai ya yi sallama. Ta taho da ruwa da fara'arta ta durƙusa, hannunta ya tafi kunnen hagu ba ta ma sani ba.

"Sannu da zuwa, Ba-ba-ba..."

Duk duniya shi kaɗai ya rage take yi wa in'ina.