Kalmar da Na Tsallake a Takardar Kwandansa

Akwai ranar da ko na manta sunana ba zan manta da ita ba. Abin da na fara ji shi ne wani ɗan zuuu a cikin gwangwanin da nake gogewa, alhali an kashe janareta, ɗakin inji ya yi tsit. Kafin in janye hannu sai na ji kamar an doke ni da taɓarya a ƙirji. Na farka a kan buhunan shinkafa, Kawu yana yi mini fifita da hularsa.

Shekarar da na gama makarantar 'yan mata, na bar Gwandu na je hutu Kalgo. Kawu ne ke kula da injin casar shinkafa. Injin lantarkin da ke juya shi yana zafi, janareta yana nishi yana shan mai. Sai wani makaniki ya zo daga Sakkwato ya ɗaura masa gwangwani mai kusoshin tagulla biyu, ya ce sunansa kwandansa. Ya bayyana mana cewa injin yana jawo wutar da ba ta aiki, kai da komowa kawai take yi tana dafa waya. Gwangwanin zai riƙa riƙe wannan wutar yana miƙa masa a kusa, janareta ya huta. Haka kuwa aka yi, nishin ya ragu.

Ya bar takardar Turanci ya wuce Jega. Kawu ya miƙo mini, ya ce, "'Yar boko, karanta muna mu ji amfanin takardun da kika sha."

Na fassara layi-layi ina ji da kaina, har na iso wata kalma da na sani da ma'anar sallamar majiyyaci daga asibiti. A sallami gwangwani kafin a taɓa shi? Na ga ba ta zauna ba. Kunyar in ce ban gane ba a gaban leburori ta sa na tsallake layin. A wurinmu abin da aka kashe ya mutu ke nan. Don haka da Kawu ya kashe janareta ya tafi sallar azahar, na ɗauki tsumma na nufi kusoshin nan.

Da na farfaɗo, hannuna ya mutu har kafaɗa, zuciyata tana bugawa tana tsallake. Matan da suka kawo casa suka kewaye ni. Wata tsohuwa ta ce, "Kar ku ba ta ruwa! Wutar tana nan kwance cikin jininta, da ta ga ruwa za ta tashi." Babu wanda ya yarda ya riƙe ni sai Kawu. Shi ya goya ni, ƙatuwa da ni, har ɗakin shan magani, yana cewa, "Ɗiyata, yi ta salati. Mi zan ce wa uwarki a Gwandu?"

Malamin asibiti ya ɗaure ƙunar yatsuna, ya kwantar da ni, yana zuwa yana sauraren ƙirjina. Ƙishi ya busar mini da maƙogwaro, malamin ya miƙo moɗa, na kawar da kai. Na riga na sallama cewa ba zan ga magariba ba.

Bayan la'asar makanikin ya dawo, Kawu ya kawo shi da takardar. Makanikin ya ɗora yatsa daidai layin da na tsallake.

"Malama, nan fa?"

Na ce, "Ban gane shi ba, Malam." Da na faɗi haka tun da safe, da ba a kai nan ba.

Ya ce ma'anarsa a zubar da wutar da gwangwanin ya ajiye, don ko an kashe janareta yana riƙe da ita. Na tambaye shi ko ni ma na riƙe. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke mutum ce, ba kwandansa ba. Ta shiga, ta fita."

Malamin asibiti ya sake saurarawa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Zuciya ta daidaita. Sha ruwanki, an sallame ki."

Na sha ina kuka. Tun daga ranar, in aka ba ni takarda na ci karo da abin da ban sani ba, nakan tsaya a kansa in ce ban gane ba, ko gaban wa nake.